Muhawara: Wa ya ba shugaban ƙasa duk wannan ƙarfin?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gama littafin da Arthur Schlesinger ya fitar a 1973 a kan yadda kujerar shugaban Amurka ta yi ta kumbura har ta fi ƙarfin tsarin mulkin da ya samar da ita. Zan faɗi abin da na gani a ciki, sannan in faɗi abin da ya ba ni haushi.

Hujjarsa a kan yaƙi ta tsaya. Tsarin mulkinsu na 1787 ya raba abin gida biyu da gangan: majalisa ce ke ayyana yaƙi, ita ce kuma ke riƙe da kuɗin, shugaba kuma shi ne babban kwamandan sojoji. Wato ɗaya ya ce a tafi, ɗaya ya ja ragama. To amma rabon da majalisar Amurka ta ayyana yaƙi a hukumance tun 1942. Truman ya kai sojoji Koriya a 1950 bai nemi izininta ba. Johnson a 1964 ya je da labarin an kai wa jiragen ruwansu hari a mashigin Tonkin, majalisar wakilai ta ba shi dama da ƙuri'a 416 babu ko ɗaya da ya ƙi, a dattawa mutum biyu kacal suka ce a'a, kuma da wannan takardar aka faɗaɗa yaƙin Biyetnam. Nixon ya zo ya yi ta ruwan bama-bamai a Kambodiya daga 1969 a ɓoye, har da sauya bayanan soja don kada a sani.

Abin da ya ba ni haushi shi ne marubucin kansa. Mutumin nan ya yi aiki a fadar Kennedy. Ya rubuta littattafai na yabon Roosevelt. Lokacin da Sanata Taft ya ce Truman ya wuce gona da iri a kan Koriya, yana cikin waɗanda suka kare Truman. Sai da Johnson ya dulmiya a Biyetnam, sandar kuma ta faɗa hannun Nixon, sannan ya ga tana da nauyi. Ya amsa hakan a littafin, na yaba masa, amma ni a nan na ga hotonmu. Wanene a zauren nan bai taɓa yi wa shugaba tafi ba don ya taka doka a kan wanda ba ya so?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ban karanta ba, kuma ba na jin zan karanta, amma ƙarfin shugaban ƙasa a aljihuna na san shi. Watan Fabrairun 2023 muna zaune a shago da kaya jibge, mai saye ya zo daga Maraɗi ko Damagaram da tsofaffin kuɗi a buhu, ba ka isa ka karɓa ba, sababbin kuma babu su. Mutum biyu ne suka zauna suka yanke wannan, shugaban ƙasa da gwamnan babban banki. Ita kanta ministar kuɗi ta fito gaban majalisa ta ce ba a shawarce ta ba.

Barista: Alhaji ya kawo misali mai kyau, domin a kan wannan batun sauya kuɗi Kotun Ƙoli ta yi magana a fili. Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara shigar da ƙara, wasu jihohi suka bi. Ranar 3 ga Maris 2023 kotu ta ce tsofaffin 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, ta kuma soki shugaban a kan ƙin bin umarninta na farko. Ku tuna, kotu ta ba da umarnin wucin gadi, sai shugaba ya fito a talabijin ya ce ɗari biyu kaɗai ya yarda a ci gaba da karɓa. Bayan hukuncin ma sai da aka shafe kwanaki goma kafin babban banki ya ce a bi.

Amma Malam, ina da ja a kan kwatanta mu da su kai tsaye. Su nasu shugaban ta ƙofar waje ya samu ƙarfi, ta yaƙi da leƙen asiri da makamin nukiliya. Namu a cikin gida ya same shi, kuma a rubuce aka ba shi. Jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da hurumi a kai a tsarin mulkin 1999, yadda aka fara rubuta shi, guda 68 ne. 'Yan sanda rundunar ƙasa ɗaya ce tal a sashe na 214. Sashe na 215 ya ce gwamna zai iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishina na iya cewa a dakata sai an ji daga sama. A rabon arzikin ƙasa tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Shugaban Amurka ba ya naɗa wa Niyok shugaban 'yan sanda.

Malamin Tarihi: Na karɓi wannan Barista, amma ka ƙara mini ƙarfi ne. Su an rubuta musu ƙaramar kujera ta girma. Mu mun aro ta bayan ta riga ta girma, muka ɗora ta a kan gadon mulkin soja. Dubi shekarun. Littafin ya fito 1973. Nixon ya sauka a Agustan 1974. Oktoban 1975 Murtala ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, ya kuma nuna musu cewa tsarin shugaba mai cikakken iko ake so. Wato a daidai lokacin da masu abin ke kokawa da shi suna ɗaure masa ƙafa, mu muka je muka ce a ba mu irinsa.

Tsohon Ɗan Taɓo: Yaro, ka yi wa mutanen wancan lokaci adalci. Ba don wauta suka yi ba. Mun ga jamhuriya ta farko da idonmu. Bayan zaɓen 1964 Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki ba a san wa sojoji za su bi ba. Sannan juyin mulki biyu a 1966, sannan yaƙin basasa. Wanda ya fito daga wannan, in ka ce masa a samu mutum ɗaya da ƙasa duka ta zaɓa, wanda dole ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi, zai ce maka Allah ya yi albarka.

Amma ba a jima ba muka ɗanɗana. Shagari mutum ne mai sanyin hali, kowa ya shaida, duk da haka a mulkinsa ne a 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, aka kai shi iyakar Chadi aka ajiye, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta dawo da shi. Aka kuma naɗa wa jihohi wakilan shugaban ƙasa, mu a Kano mun san ma'anar hakan: kishiya aka yi wa gwamna. Idan mai sanyin hali ya yi haka, to matsalar ba ta hali ba ce.

Malama: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni tambayata ga Malamin Tarihi ce. Me littafin ya ce a yi? Domin na gaji da littattafan da za su bayyana maka ciwo shafi ɗari huɗu, magani kuma shafi biyu.

Malamin Tarihi: Malama, a nan ma ya ɗan ba ni kunya. Shi ba ya son a raunana kujerar. Yana son shugaba mai ƙarfi amma a cikin tsarin mulki, majalisa ta farka, a rage ɓoye-ɓoye, a kuma daina jin tsoron tsige wanda ya yi laifi. To majalisar ta farka a shekarar da littafin ya fito. Ta yi dokar ikon yaƙi ta 1973, Nixon ya ƙi sa hannu, suka tsallake shi da kashi biyu bisa uku. Dokar ta ce shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48, in ba ta amince ba ya janye sojoji cikin kwana 60, da ƙarin 30 na kwashe kaya. Me ya biyo baya? A 2011 Obama ya wuce kwana 60 yana luguden wuta a Libiya, lauyoyinsa suka ce abin da ake yi bai kai a kira shi faɗa ba a ma'anar dokar. Mu nan mun san abin da rushewar Libiya ta jawo wa Sahel. Kafin nan, a 2001, kwana uku bayan harin 11 ga Satumba, majalisa ta ba Bush izinin amfani da ƙarfi, mace ɗaya ce, Barbara Lee, ta ƙi a majalisar wakilai. Da wannan izinin Bush da Obama da Trump da Biden duk suka yi ta kai hare-hare a ƙasashe daban-daban.

Abin da na fahimta, wanda shi bai tsaya a kansa sosai ba, shi ne 'yan majalisa ba sa son ikon. Wanda ya kaɗa ƙuri'ar yaƙi, in ya lalace, da shi za a zarga. Gara shugaba ya yi, in ya yi kyau su ce muna tare, in ya ɓaci su ce ba a tambaye mu ba.

Ɗalibin Jami'a: Malam ka yi haƙuri, amma ni ina ganin wannan duk zancen masu ƙoshi ne. Ƙasar da 'yan bindiga ke sa wa ƙauyuka haraji a Zamfara da Katsina, kuna cewa shugaba ya yi ƙarfi da yawa? Ni a ganina ƙarfin ne ma babu. Ku dubi Ruwanda, ku dubi Singafo. Mutum ɗaya mai kishi ya fi majalisar da aikinta sayen motoci.

Ɗan Kwari: Yaron nan ya faɗi abin da rabin kasuwa ke faɗa fa.

Barista: Ƙanena, abu biyu ka haɗa. Akwai ƙarfin gwamnati ta kai ga dajin Rugu ta kama ɓarawo, akwai kuma ƙarfin mutum ɗaya ya yanke hukunci ba wanda zai tambaye shi. Muna da na biyun, ba mu da na farkon. Shugaban da ya iya rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba tare da ƙuri'ar majalisa ba, shi ne kuma bai iya tsare hanyar Abuja zuwa Kaduna ba. Wanda ya iya toshe Twitter wata bakwai bai iya hana a kwashe yara a Ƙanƙara ba. Kuma kai da kake son mai kishi, wa ya ba ka tabbacin wanda zai gaje shi? Kujerar ba ta tafiya da mutum. Duk abin da ka yarda gwaninka ya yi, ka rubuta wa na bayansa izini.

Ɗalibin Jami'a: Barista, to ai majalisar ce ba ta da amfani. Wace rana ta taɓa hana wani abu?

Tsohon Ɗan Taɓo: 16 ga Mayu 2006. Kana ƙarami. Obasanjo na da jam'iyya, yana da gwamnoni, yana da EFCC, yana da kuɗin mai, aka kawo gyaran tsarin mulki mai ɗauke da tazarce. Shugaban majalisar dattawa Ken Nnamani ya bari aka haska zaman kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya yi magana mutanen mazaɓarsa na kallo. Nan abin ya mutu. A nan Kano ranar kamar an yi sallah. Tun kafin nan ma, a 2000, sun tsallake shi sun zartar da dokar NDDC, hukumar raya yankin Neja Delta, da bai sa wa hannu ba.

Malama: Akwai na kusa ma. Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, shugaban ƙasa ya rubuta wa majalisar dattawa a kan matakan ECOWAS har da na soja, sanatoci suka ce a bi hanyar sulhu. Amma fa mu faɗi gaskiya, ba sashen tsarin mulki suka ji tsoro ba. Sanatocin Arewa sun san ba za su iya komawa Daura ko Illela ko Maigatari su ce sun yarda a harbi 'yan uwa ba. Malamai suka tashi, sarakuna suka tashi. Kuma duk da haka an yanke wa Nijar wuta, an rufe iyaka, ba wanda ya kaɗa ƙuri'a a kan wannan.

Ɗan Kwari: Rufe iyakar nan mu ya kashe, Hajiya. Kwari da Dawanau da Singa, wa ke saye in ba mutanen Nijar da Chadi ba?

Barista: Malama ta taɓo inda tsarinmu a takarda ya fi na Amurka tsauri. Sashe na 5 ya ce shugaba ba zai ayyana yaƙi ba sai da amincewar majalisu biyu a zama ɗaya, ba zai kuma tura soja yaƙi waje ba sai da izinin dattawa. In akwai barazana ta gaggawa zai iya turawa, amma ya nemi izini cikin kwana 7, su kuma su amsa cikin 14. Rubutun ba shi da laifi. Inda muke faɗuwa shi ne wurin aiki da shi.

Ga dokar ta-ɓaci. Sashe na 305 ya ba shugaba damar ayyanawa, amma ba inda ya ambaci dakatar da gwamna. Obasanjo ya dakatar da Dariye a Filato a Mayun 2004 ya sa Janar Chris Alli, ya maimaita a Ekiti a 2006. Jonathan a Mayun 2013 ya ayyana a Borno da Yobe da Adamawa, ana tsakiyar yaƙin Boko Haram, bai taɓa gwamna ko ɗaya ba. Sai ga 18 ga Maris 2025, Tinubu ya dakatar da Gwamna Fubara da mataimakiyarsa da majalisar Ribas wata shida, ya sa tsohon hafsan sojan ruwa Ibas. Da aka tambayi hujja, Filato aka nuna. Abin da aka yi sau ɗaya aka yi shiru, shi ya zama madogara bayan shekara 21.

Kuma abin da ya fi damuna ba dakatarwar ba ce. Sashen ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 cikin 109, wakilai 240 cikin 360. Da murya aka yi, masu e su ce e. Ta yaya kunne ke ƙirga 240?

Malamin Tarihi: Wannan shi ne Tonkin ɗinmu, Barista. Ba ƙwace aka yi ba, miƙawa aka yi. Haka bashin babban banki. A lokacin doka ta ce kada abin da gwamnati za ta ranta daga can ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar bara. Aka tara naira tiriliyan 22.7, sai a Mayun 2023, ana saura makonni a sauka, majalisa ta wanke shi ta mai da shi bashin dogon zango. Majalisar da ke riƙe da lalita ita ce ta sa hannu bayan an gama kashewa.

Mai Unguwa: Ku yi mini uzuri, tun ɗazu nake karantawa. Duk kun ɗaga kai kuna kallon Abuja. Ku sauko ƙasa mana. Gwamna a jiharsa ya fi shugaban ƙasa sakewa. A Abuja ko ba komai akwai 'yan adawa a majalisa, akwai jaridu a kai. A jiha fa? Wace majalisar jiha ce ta taɓa mayar wa gwamna kasafi ta ce ba ta yarda ba? Zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyyar gwamna ke cinye duka, a kusan kowace jiha, kowace jam'iyya ce. Sai da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Nan gida kuma, a 2019 majalisa ta raba masarauta gida biyar cikin 'yan kwanaki, a 2024 majalisar ta rushe rabon cikin 'yan kwanaki. Ban ce wanne ne daidai ba. Saurin nake nuna muku.

Admin: Jama'a, maganar masarauta ta tsaya a inda Mai Unguwa ya ajiye ta. Mun san yadda ta ƙare mana wancan karon. Duk wanda ya ɗora a kai zan goge.

Tsohon Ɗan Taɓo: An ji, ranka ya daɗe. Amma bari in ce wa ɗalibin nan wani abu, don kada ya ɗauka taka wa mai mulki burki baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Sarki Rumfa da girmansa yana da majalisarsa, Tara ta Kano. Masu zaɓen sarki huɗu ne, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kowa da gidansa, ba sarki ne ya ƙirƙire su jiya ba. Abdullahi ɗan Fodiyo a garin nan ya zauna ya rubuta wa Kanawa littafi a kan yadda ake mulki, shawara da adalci da iyakar abin da shugaba zai taɓa a baitulmali. Abin da Malam Aminu ya yi ta faɗa da shi a zamanin En'e shi ne mutum ɗaya ya haɗa kotu da 'yan doka da gidan yari da haraji a hannunsa. An karɓe waɗannan daga sarakuna bayan 1966, muka yi murna. Ba mu tsaya mun tambayi hannun wa suka koma ba.

Ɗalibin Jami'a: Baba na ji, kuma na girmama. Amma har yanzu ba a ba ni amsa ba. In majalisa ta sayar da kanta, gwamnoni sun fi muni, saura kotu. A Amurkan ma da kuke misali da ita, ba a 2024 Kotun Ƙolinsu ta ce ba a gurfanar da shugaba a kan ayyukan ofis ba?

Barista: Kusan haka. Ta ce yana da kariya cikakkiya a kan ayyukan da tsarin mulki ya keɓe masa, da zaton kariya a sauran ayyukan ofis, babu kariya a kan na ƙashin kansa. Alƙalai shida suka rinjayi uku. Ita dai wannan kotun ce a 1952 ta hana Truman ƙwace masana'antun ƙarfe ana cikin yaƙin Koriya, shi ma shida da uku, ita ce kuma a 1974 ta tilasta wa Nixon miƙa kaset-kaset ɗin da suka kai shi ƙasa. Don haka kotu ma tana tafiya da waɗanda aka naɗa a cikinta, kuma shugaba ke naɗawa. Mu nan a Janairun 2019, saura makonni a yi zaɓe, aka dakatar da alƙalin alƙalai Onnoghen da umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata, ba a bi ta majalisar dattawa ba, alhali sashe na 292 ya ce cire shi sai da kashi biyu bisa uku nata.

Malama: Kuma a zauren nan aka yi ta murna ranar. Saƙonnin na nan, ban goge ba.

Ɗan Kwari: Hajiya a rufa asiri mana.

Malama: Ba zan fito da su ba Alhaji. Amma ga abin da nake so mu yi, tunda ƙirga ita ce ta kashe tazarce, rashin ƙirga kuma ya wuce da na Ribas. Kano na da sanatoci 3 da wakilai 24. Barista, akwai hanyar da ɗan majalisa ɗaya zai tilasta a ƙirga kai da kai maimakon ihun e da a'a?

Barista: Akwai. Dokokin zaman majalisun biyu sun ba ɗan majalisa damar ƙalubalantar hukuncin shugaban zama ya nemi a raba zauren a ƙirga. Sai dai shugaban zaman ne ke ba da damar magana, in bai kalli wajenka ba makirfonka a kashe yake. Zan nemo lambar dokar in turo nan, kowa ya aika wa na mazaɓarsa ya tambaye shi ko ya miƙe ranar 20 ga Maris 2025, in kuma bai miƙe ba, e ya ce ko a'a.